Yadda Na Mai da Gwaggo Sifili

Har yanzu in na ji sallamar Gwaggo Asabe sai in nemi wurin ɓuya.

Sati uku kacal na yi a ajin koyon rubuta manhaja a Ƙofar Wambai. Ranar da aka koya mana jera sunaye, na dawo gida kamar ni na ƙera kwamfutar. Da sunan ɗan Yayana ya matso, na ce kowa ya huta, ni zan tura gayyata. Na jera dangi, na sa Gwaggo a farko don girmamawa, na umarci kwamfuta ta fara daga lamba ɗaya.

Ranar suna kowa ya zo ban da Gwaggo. Sai saƙonta: "Ku gaya wa mai kwamfuta na gode, an nuna mini matsayina."

Na rantse zagon ƙasa aka yi mini. Na zargi ƙanwata, na zargi maƙwabta, har kwamfutar sai da na tofa wa addu'a. Washegari na kai wa malaminmu ƙara.

Ya duba, ya ce, "Malama, ban ce miki kwamfuta daga sifili take fara ƙirga ba? Tunda kin ce ta fara daga ɗaya, ai ta tsallake na farko. Wa kika sa a farko?"

Na je gidan Gwaggo a Dukawuya na durƙusa na yi bayani. Gwaggo ta saurara tsaf, ta ce, "Au, wato ni ce sifilin?"

Har yau in ta shigo gidanmu sai ta ɗaga murya: "Salamu alaikum! A gaya wa injiniya sifili ta iso."