Hankaka Ya Ce Kura Za Ta Ci

A Dajin Kurmin Ɓauna tsarin a bayyane yake tun kaka da kakanni. Duk bayan damina huɗu ana zaɓen shugaban ƙasa, kowace dabba ta jefa ƙwallon magarya a ramin wanda take so. Masu ƙaho su yi kamfe, masu haƙori su yi gadin ramuka, masu baki kuma su yi sharhi. Cikin masu bakin nan babu kamar Hankaka Ɗanliti, mai gidan rediyon Muryar Reshe, wato reshen kukar da yake hawa yana ihu tun sassafe.

Wata uku cur Ɗanliti yana nanata magana ɗaya. "Jama'a, Kura za ta ci! Na auna iska, na tambayi ungulu goma sha biyu. In Kura ba ta ci ba, a fige mini farar rigar nan ta ƙirjina a bainar jama'a!"

Ranar Talata aka faɗi sakamako. Dorina ce ta lashe, ita da ko kamfe ba ta fito ba. Da aka je kogi yi mata albishir, sai ta ɗago kai, ta yi wata doguwar hamma, ta koma ƙarƙashin ruwa.

Ɗanliti ya dubi ƙirjinsa. Farar rigar nan ita ce mutuncinsa. In babu ita, wa zai bambanta shi da kowane baƙin tsuntsu mai tonon juji?

Washegari Majalisar Masu Sharhi ta zauna a gindin kuka, Hajiya Mujiya tana shugabanta. Farfesa Kwaɗo ya fara miƙewa, ya kumbura wuya.

"Ranki ya daɗe, na yi nazarin hammar Mai Girma. Ta karkata hagu kaɗan, wanda ke nuna za a tausaya wa talaka. Amma an ga haƙoran ƙasa, wanda ke nuna ba za a tausaya masa da yawa ba."

Aka tafa. Sai Aku, mai gidan rediyon da ke reshen gaba, wanda suka shekara bakwai ba sa ga maciji da Ɗanliti, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, hamma ba za ta gudu ba. Akwai wani abokin aikinmu da ya yi rantsuwa. Ni dai ban da ƙwaƙwalwa sosai, amma na haddace." Ya kwaikwayi muryar Ɗanliti tsaf, har da tarin da ya yi a tsakiya. Majalisa ta fashe da dariya. Biri, ɗan sandan majalisa, ya matso yana murza yatsu.

Ɗanliti yana cikin lissafin ko zai iya tashi sama kafin Biri ya cafke shi, sai ga Ayashe matar Zomo ta kutso tana kuka, 'ya'ya shida na biye da ita.

"Ku taimake ni, ku ne masu baki! Maigidana ne malamin zaɓe a mazaɓar Tsamiya. Da ya ƙidaya ya ce Kura ta faɗi, sai ta ce ya zo bayan suri su sake ƙidayawa. Kunnensa ɗaya kawai aka kawo mini."

Ɗanliti ya ji tausayinta har zuci, na ɗan lokaci. Sannan wani abu ya faɗo masa a rai, ya yi tsalle ya haye tushen kuka.

"Ranki ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja! Malam Aku, maimaita abin da na ce."

"Ka ce Kura za ta ci."

"Na ce zaɓe?"

Aku ya sake bin haddarsa daga farko. "Ba ka ce ba."

"To, Kura ta ci ko ba ta ci ba? Ga shaida tsaye da marayu shida!"

Majalisa ta ɗauki sowa. Farfesa Kwaɗo ya ce a shekara talatin na bincikensa bai taɓa ganin hasashe ya faɗa daidai haka ba. Nan take aka naɗa Ɗanliti Gwarzon Mai Sharhi na Shekara, Biri da ya zo fige shi ya koma kakkaɓe masa riga.

"Maganar maigidana fa?" in ji Ayashe.

"Baiwar Allah, lokacin shirin ya ƙare," in ji Mujiya. "Amma kafin ki tafi, me za ki ce game da hammar Mai Girma?"

Bayan mako guda fadar Dorina ta ɗauki Ɗanliti kakaki. Sanarwarsa ta farko ita ce gwamnati ta girgiza da rasuwar Zomo, kuma ta kafa kwamitin bincike. Don a nuna babu gaba tsakanin wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi, aka ba Kura shugabancin kwamitin.

Kura ta karɓi aikin hannu biyu. Ta ce saboda sirri, masu ba da shaida su riƙa shigowa raminta ɗaya bayan ɗaya. Shaidu goma sha ɗaya suka shiga, kuma Ɗanliti ya sanar da cewa har yanzu ko ɗaya bai fito ya yi ƙorafi ba.