Ruwan Sikari a Kaina, Ƙudan Zuma a Bawku

Ba zan taɓa mantawa da abin da Mamudu ya yi mini ba, kuma har yau ban yafe ba. Abokina ne tun muna yara a Salaga. Ya tafi Ingila ci-rani, ya dawo da jita ɗaya da jakar kaset-kaset na wani kiɗa wai shi pank, na samarin can da suka ji haushin duniya. Na saurara, na ji kamar ana dukan kwanon rufi ana zagin wani. Amma ya ce, "Chale, abokina, muryarka ta dace!" (Doya nake sayarwa a kasuwa, kuma gaskiya har tasha ake jin ihuna.)

Haka muka haɗa ƙungiya muna kwaikwayon waƙoƙin kaset ɗin nan. Ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba, haddacewa kawai na yi. A Yendi muka fara gwadawa, aka jefe mu da ɓawon lemo. Mamudu ya ce ai yabo ne.

Sai aka gayyace mu wasan bayan Sallah a filin wata makaranta a Bawku. A garin nan ne Azumi take, yarinyar da nake nema, kuma mahaifinta, Alhaji mai fataucin shanu, bai ba ni amsa ba tukuna. Na ce bari ta ga ni ma wani ne.

Mamudu ya aske mini gefe da gefe, ya bar tsiri a tsakiya kamar zankon zakara. Gashin ya ƙi tsayawa. Ya ce, "Ruwan sikari ake sawa." Ya dama mai kauri ya lafta mini a kai. (Ni na riƙe masa madubi, har ina cewa ya ƙara ta nan.)

Bayan la'asar fili ya cika. Ina hawa dandamali na hango Azumi da ƙawayenta. Na kuma hango Alhaji a kujerar gaba. Ashe shi ne babban baƙo.

Muna cikin waƙa ta biyu na ji zuuu a kunnena, na zaci lasifika ce. Sai na ji harbi a ƙeya, wani a fatar ido. Ƙudan zuma ne, daga bishiyar mangwaron da ke bayanmu. Na kurma ihu, ina tsalle, ina dukan kaina da hannu bibbiyu.

"Mamudu, ku tsaya! Za su kashe ni!"

Ya dube ni yana washe baki, ya ƙara wa jita wuta. "Yauwa, chale! Wannan shi ne pank!"

Samarin Bawku suka ɗauka sabuwar rawa ce, suka tashi suna marin kawunansu. Na diro ƙasa ido ɗaya a rufe, na laluba ƙyallen da ya fi kusa, na cusa kaina ciki. Babbar rigar Alhaji ce. Yana cikinta. Zumar kuma ta biyo ni.

Washegari na je ba Alhaji haƙuri, fuskata kamar ƙullin burodi. Leɓensa na sama ya kumbura, da ƙyar yake magana.

"Baba, ina kwana."

"Ɗana, mahaifinka yana raye?"

"Yana raye, Baba."

"Allah ya ba shi haƙuri." Ya daɗe yana kallon kaina. "Sikarin da za ka sa wa 'yata a koko, shi kake shafawa a gashi? Tashi ka tafi."

Azumi ta auri wani tela a Walewale. Mamudu kuwa, ko ƙuda ɗaya bai taɓa shi ba, kuma sai a motar komawa na gane dalili: hula ya sa, ya ja ta har kunne, ko ɗigon sikari bai shafa wa kansa ba. Yanzu kafin in miƙa wa aboki kaina, sai na fara duba abin da ya yi da nasa.