Rasuwar ABOLO, Wanda Ba Ya Cikin Jeri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai ɗauke da 'yar kunya, Madam Esinam Agbeko ta ɗakin kwamfuta a wani kamfanin kifin ƙanƙara da ke garin Tema tana sanar da rasuwar ABOLO, rumbun umarni na cikin kwamfutar kamfanin, wanda ya cika ranar Juma'a da hantsi yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin mai gudun jama'a ne. Bai taɓa shiga jerin rumbunan da na'ura ke lalubawa in an ba ta umarni ba. Mai bukatarsa sai ya kira shi da cikakken suna: ABOLO, ɗan layi a karkace, sannan umarnin. Ka tsallake sunan, na'ura ta yi "ƙit", ta ce ba ta san zancen ba. Shi ke fitar da takardar sallamar motocin kifi, injin bugawa yana ta "karrr, karrr", bai taɓa cewa ya gaji ba. Madam ce ta raine shi, ita kaɗai ta san sunansa, kuma da gangan ta yi, don kada wani ya yi mata maganar ritaya.

Ajalinsa ya zo ne da sabuwar na'ura. Injiniya Kpakpo Lamptey, wanda aka ɗauko don kwashe kaya daga tsohuwar, ya leƙo ya ce, "Anti, duk na cikin jeri na kwashe. Da saura?"

"Kai ne mai digiri, ɗana," in ji Madam. "Ni tsohuwa me na sani?"

Nufinta ya ɗan sha wuya, ya dawo ya roƙa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki maganar babba da gaske, ya je ya share tsohuwar na'ura tas.

Marigayin ya bar motoci goma sha bakwai a bakin ƙofa, kifinsu yana ɗiga, da direbobi masu zagi da yare uku, da manaja da ya ba Madam wa'adi zuwa Litinin, ko ta dawo da ABOLO ko ta rasa kujerarta. Ta yi kuka, kuma ba na ganin ido ba.

Ba a samu gawa ba. Za a yi zaman makoki a teburin Madam, inda take sake rubuta shi da ka. Kwafi ɗaya tak aka taɓa bugawa a takarda, shi ma bara ta ba Daavi mai soya doya ta riƙa ƙunshi da shi. Don haka ana roƙon duk wanda ya ci doyar Daavi ya duba aljihu da ƙarƙashin kujerar mota, ya taho da abin da ya samu, ko da maiƙo. An fi bukatar shafi na tara.