Kabejin Sallau

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Sallau, tsohon ɗan kamasho a tasha. Shekara da shekaru yana tsaye a bakin mota yana ihun "saura mutum ɗaya!" alhali ko direban bai shiga ba. To, bakin ya saba. Babu abin da za ka ambata a duniyar nan Sallau bai taɓa yi ba. Ka ce kamun kifi, ya yi a Tafkin Chadi. Ka ce gini, shi ya nuna wa magina inda za su sa ƙofa. Ka ce kana ciwon haƙori, nasa ya fi naka.

Da gwiwa ta fara ba shi matsala, matasa suka ture shi daga tasha, sai ya dawo gida ya zauna. Zaman kuwa babu daɗi, don matarsa Delu ba ta iya dafa labari, sai cefane.

Ana nan sai fili ɗaya ya faɗo a lambun bakin dam. Filayen nan na jama'a ne, Sarkin Lambu, Baba Jatau, shi ke rabawa. Kuma akwai ƙa'ida. Sabon shiga gwaji ake ba shi. Kafin sanyi ya wuce dattawa za su zo su duba. In ya yi abin kirki fili ya zama nasa, in bai yi ba a miƙa wa na bayansa. Mutum biyu suka nema: Sallau, da Mati ƙanin Delu, abokin wasansa, wanda in ya sami abin tsokana a kan Sallau sai ya shekara yana tauna shi.

Baba Jatau ya dube su ya ce, "A cikinku wa ya taɓa lambu?"

Mati ya ce, "Ni dai na taɓa ɗaukar kwando, Baba."

Sallau ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. Ya ce, "Baba, ni fa a Jos na yi kabeji. Guda ɗaya aka yi taron suna da shi, aka raba wa maƙwabta sauran."

Gaskiya ne ya je Jos. Sau ɗaya. Ya rako motar kabeji, ya zauna a kan buhu har gida.

Aka ba Sallau fili. Mati ya zama na baya.

Ranar farko Baba Jatau ya taka da kansa har filin don ya nuna masa kan aiki. Ya ce a fara renon iri a gefe, in ya yi ƙwari a dasa. Ya ce a daidaita fangali kada ya karkata, a take gefensa da ƙafa sosai don ya riƙe ruwa. Ya ce taki sai ya huce. Yana cikin magana Sallau ya ɗaga hannu kamar mai tsai da mota.

"Baba, Allah ya ƙara girma, wannan duk tsohon yayi ne. Ku dai ku zuba ido."

Baba Jatau ya ce, "To." Ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Sallau ya je gidan kaji ya kwaso kashi ɗanye sharaf, mai tururi, ya lafta wa fili har ƙasa ta ɓace. Ya watsa irin kabeji kamar mai ba tattabaru gero. Ya sako ruwa. Kwana kaɗan tsiro ya leƙo, kore shar. Sallau ya zagaye lambu kaf yana gaisawa da mutane ba gaira ba dalili, don dai a tambaye shi. Ba a jima ba tsiron ya yi rawaya, ya yi ja, ya kwanta. Taki ya ƙone shi ƙurmus. Ya sake watsa wani. Wanda ya tsira daga taki, tsutsa ta yi masa maraba.

Wani ne da sai ya je ya durƙusa ya ce Baba a taimaka. Sallau sai ya je ya sayo zana. Ya kewaye filin ruf, zana ta fi tsawon mutum, ya sa ƙyauren langa-langa ya maƙala kwaɗo.

Aka ce, "Malam Sallau, lafiya?"

Ya ce, "Ido. Irin nan ba ya son kallo."

Kullum da la'asar kuwa yana majalisa yana ba da rahoto. "Yau ina tsaye ina jin su suna naɗewa, ƙiƙi-ƙiƙi." Gobe ya ce ya rasa inda zai sa ƙafa. Jibi ya ce yana tunanin ko ƙyauren ya yi ƙanƙanta ranar fitarwa.

Mati ya ce, "Yaya, a ɗan tsinko wa Delu ganye ɗaya mana, ta ga kalarsa."

"Ba a taɓa shi sai ya cika. Kai da iyakarka kwando, me ka sani?"

Amma in ya shiga ya turo ƙyaure, sai ya kifa bokiti ya zauna ya yi tagumi. Ƙasa fayau, sai warin kashin kaji. Wallahi tsoro yake ji, tsoro na gaske. In filin nan ya tafi, ba shi da wani abin kamawa. Ga Delu ta riga ta gaya wa matan unguwa kada kowa ya sayi kabeji bana. Ga shi kuma ba wani za a ba ba, Mati za a ba.

Aka sa ranar dubawa. Ana gobe, Sallau ya yi sammako ya tafi kasuwar wani gari can nesa inda ba a san fuskarsa ba. Ya bi 'yan kabeji yana zaɓen manya-manya, masu ganyen waje a jiki. Mai sayarwa zai ɓare masa ganyen, ya ce, "Kai, kai, bar min kayana!" Ya loda a buhuna, ya iso da rana tsaka lokacin da kowa ya tafi hutawa. Mutum ɗaya ya gamu da shi, Sallau ya ce masa taki ne.

Ya shiga ya kulle. Ya riƙa tona 'yan ramuka kamar gurbin kaza, ya zaunar da kowane kabeji, ya jawo ƙasa ya tokare shi, ya baza ganyen ta ko'ina. Layi-layi, tsaf. Da ya gama ya ja da baya ya duba. Kai, abin ya yi kyau! Shi kansa sai da ya ji wani alfahari ya taso masa.

Washegari da hantsi dattawa suka iso, har da Liman, Baba Jatau a gaba. Injin ban-ruwa na ta tuƙ-tuƙ-tuƙ a bakin dam, ruwa na gudu a babbar hanyar ruwan lambu. 'Yan lambu suka taru a bayan zana, don dattawa kaɗai ke shiga. Mati na cikinsu, ya harɗe hannu.

Sallau ya sa farar riga. Ya buɗe kwaɗo a hankali, ya ce, "Bismillah. A dai taka a sannu."

Dattawa suka shiga suka yi turus.

Ɗaya ya ce, "Masha Allah!"

Wani ya ce, "Ko huda ɗaya ta tsutsa babu."

Sallau ya ce, "Tsutsa ta san inda take zuwa." Ya shiga bayani. Ya yi maganar iskar Jos, ya yi maganar haƙuri, ya ce aikin lambu ba ƙarfi ba ne, kai ne. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi zai riƙa ware rana guda yana koya wa na baya, kyauta.

Yana cikin haka ya ga Baba Jatau yana naɗe ƙafar wando.

"Miƙo min fartanya."

"Ta me, Baba?"

Ashe al'ada ce. Ranar da aka tabbatar wa sabon shiga fili, Sarkin Lambu da hannunsa yake fasa masa ruwa, a yi addu'a, a shafa. An faɗa wa Sallau tun ranar farko. Lokacin yana magana.

Ya ce, "Baba, ai sun sha jiya."

"Al'ada ce."

"Irin nan ba ya son ruwan safe."

Baba Jatau ya dangwali ƙasa da yatsa. "A bushe take ƙamas. Kabeji mai wannan girma ka bar shi da ƙishi? Haba, Sallau, ka ji tsoron Allah."

"To a ɗan yayyafa da bokiti..."

Caf! Fartanya ta sari bakin hanya. Kuma da yake Baba Jatau ya ji daɗin aikin, sai ya ƙara sara biyu don girmamawa. Ruwa ya shigo, shaaa. Dattawa suka ɗaga hannu, aka fara addu'a. Sallau ma ya ɗaga, amma idonsa na ƙasa.

Fangalin nan dama ba a daidaita shi ba, gangare ne. Ruwa ya taru ya yi tsayi. Kabejin farko ya ɗan gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa. Sai ya tashi, ya juya a hankali kamar mai neman takalminsa, ya kama hanya. Na kusa da shi ya bi shi. Sallau ya miƙa ƙafa ya taka na uku, na huɗu ya zagaye shi ya wuce.

Liman na cewa, "Allah ya sa albarka a cikin wannan shuka, Allah ya tabbatar da ita..."

Dattawa na cewa amin, muryar na raguwa.

Gefen fangali, wanda ba a taɓa takewa ba, ya ɓalle, ɓul! Ruwa ya huda ƙarƙashin zana. Kabeji suka yi layi suna fita ɗaya bayan ɗaya, ba turereniya.

Can bayan zana sai aka ji wata mata ta ce, "La ilaha! Jama'a, ga shi nan ya fito da kansa!"

Aka shafa addu'a. Babu wanda ya dubi wani. Sallau na tsaye cikin ruwa, farar riga ta sha taɓo, ƙafa ɗaya a kan kabeji.

Sai ga Mati a bakin ƙyaure, jiƙe har gwiwa, ya rungumo guda biyu. Ko murmushi bai yi ba.

"Yaya, na tare waɗannan. Sauran sun ce su a dam za su sauka."

Baba Jatau ya karɓi ɗaya, ya juya gindinsa sama. Yankan wuƙa, sumul, har ya fara baƙi. Ya daɗe yana dubawa. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya duba ya miƙa gaba.

"Sallau, ina saiwar?"

Sallau ya gyara murya. Ya gyara hula. Bakin nan dai bai mutu ba.

"Baba, ai abin da nake ta gaya muku ke nan. Sabon iri ne. Ba ya saiwa. Shi ba ruwansa da ƙasa sam."

Baba Jatau ya gyaɗa kai kamar wanda aka ƙara wa ilimi.

"Ikon Allah. To ai alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Tunda ba ya bukatar ƙasa, kai ma ba ka bukatar fili. Ka je ka ci gaba da nomansa a randar Delu." Ya juya ya miƙa fartanya. "Mati, zo ka toshe ruwan nan, yana ɓata maka fangali."