Yadda Ake Haɗa Abin Shan Italiya Mai Hawa Uku a Djamboutou

Kai da ka ɗauko wannan bayani, samu wuri ka zauna. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka haɗa bicerin, abin shan mutanen birnin Torino na ƙasar Italiya, a tsakar gidanka, ba fasfo, ba jirgi, ba ko kalmar Italiyanci ɗaya a bakinka. Kofi ne da shokola da kumfar madara, hawa uku a gilashi ɗaya. Hanyar ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Mutum ɗaya ne dai ya taɓa gwada ta, Lukmanu mai shinkafa na unguwar Djamboutou a Garwa, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka fara zuwa Italiya, ko a ce ka je

Ba a haɗa bicerin don ƙishirwa. Sai ka shiga halin da ba ka da mafita sai shi. Ga yadda Lukmanu ya shiga nasa.

A daminar 1990, lokacin da Zakunan Kamaru ke can Italiya suna gigita duniya a gasar ƙwallo, Lukmanu ya tafi Yagoua, can bakin kogin Logone, sarin shinkafa. Bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba sai matarsa Dela, don kada abokan kasuwa su gano inda yake saro tasa. Ruwa ya yanke hanya, zazzaɓi ya kwantar da shi, wasannin duka a talabijin ɗin wani mai shayi ya kalle su, mai aiki da batirin mota. Ya dawo ya rame ya yi haske, da hular gasar a kansa wadda ya saya a tasha. A bakin masallaci wani ya ce, "Lukmanu, daga ina haka?"

Ya taɓa hular ya ce, "Italiya mana."

Wasa ya yi. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho ma ya ce ai ga alama nan, sanyin can har ya wanke masa fata.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen baffansa, Alhaji Shu'aibu, dillalin fatu da ƙiraga. Baffa ya rungume shi a gaban jama'a, ya ce in Allah ya kai mu kakar gaba, Lukmanu ne zai riƙe cinikin fatun da ake kai wa Turawan Italiya, tunda ya san halinsu. Daga nan wasa ya zama tarihi.

A gida Dela ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, yaushe aka mayar da Italiya bakin kogin Logone?"

"Ki rufa min asiri, Dela."

"Ni dai ban ga komai ba sai buhunan shinkafa."

Mataki na 2: Nemo wanda ya je da gaske, ka yi masa jarrabawa

Kada ka damu da neman, shi zai same ka. Da bazara ta zo sai ga Madam Delphine, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, ta dawo daga Torino bayan shekaru tana jinyar wata tsohuwar Baturiya. Baffa ya kira ta zaurensa, ya kira Lukmanu, don 'yan Italiya biyu su gaisa jama'a su ji.

"Misiye Lukmanu," in ji ta da Hausarta ta kasuwa, "ka shiga Torino?"

"Har na gaji da shi, Madam."

"To ka sha bicerin ke nan."

Lukmanu bai sani ba ko magani ne ko giya. A irin wannan wuri ƙaramin maƙaryaci ja da baya yake yi. Kai ka ƙara gaba. Lukmanu ya ce, "Sha kuma? Ni haɗawa nake yi."

Baffa ya tafa hannu. "Shi ke nan! Juma'a bayan an sauko, duk muna gidanka."

Yanzu ka lura da kyau, nan ne ilimin yake. Ba ka san yadda ake yi ba, kuma ba dama ka tambaya. Sai ka tuhuma. Lukmanu ya gyara zama, ya sassauta murya. "Amma Madam, kar ki ji haushi, mutane da yawa na cewa sun je Torino. Siffanta min shi in ji ko na gaskiya kika gani."

Madam Delphine ta lumshe ido. Ta ce a ƙaramin gilashi ake kawo shi. Ƙasa shokola mai kauri da zafi, tsakiya kofi baƙi ƙirin, sama kumfar madara fara mai sanyi. Kuma ba a juyawa, ko da wasa.

"Daidai," in ji Lukmanu. "Kin ci."

Mataki na 3: Kofi

Ka yi hattara da wannan kalma. Lukmanu ya ce wa Dela, "Ina son kofi mai ƙarfi," ta kawo masa na ƙarfe, ta ce ko mota ta taka shi ba zai lotse ba. Ka ce gahawa, ko ka ce kafe irin na masu Faransanci.

Ka je kantin 'yan kudu ka sayo 'ya'yansa ɗanye, don na gwangwani kowa ya san warinsa. Ka soya a kaskon gyaɗa har hayaƙi ya sa maƙwabta su leƙo ta katanga da bokitin ruwa. Sannan ka daka.

Turmi biyu ne a gidan Lukmanu, na hatsi da na yaji. Na hatsi yana cike da geron kunu, Dela ta ce in ya taɓa shi su haɗu a gidan iyayenta. Don haka aka daka kofin Italiya a turmin yaji. Masana sun tabbatar cewa turmi ba ya mantuwa, amma wannan matsalar mai sha ce, ba taka ba.

Mataki na 4: Shokola

Shi ne wanda 'yan Najeriya ke ce wa cakulan. A ƙasarmu ake noma kokonsa, a tura shi Turai ya koyi girman kai, ya dawo a takarda mai ƙyalli. Ana son ka narkar da shi a hankali da madara kaɗan. A Garwa da bazara ba sai ka wahala ba. Lukmanu ya sayo shi a tsakiyar gari da azahar, ya sa a aljihun rigarsa, ya hau keke. Kafin ya kai Djamboutou rana ta gama aikin.

Ka cire rigar. Ka juya aljihun a kan tukunya. Ka kankare da cokali. Idan matarka ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonka, ka ce mata haka ake yi a can.

Mataki na 5: Kumfar madara

Nan ne maza ke kuka. Ka sayi madara ɗanya a hannun Bafillatana da sassafe, ka bar ta ta huce har mai ya taso samanta, ka kwashe shi. Amma ba ta hucewa a garin da randa kanta ke gumi. Lukmanu ya kai tasa wurin Dawuda mahauci, mai injin sanyi a kasuwa, aka sa ta tsakanin ƙafafun sa da kan rago. Ta fito da sanyi, da kuma ɗan tunanin maƙwabtanta.

Sai ka ɗauki maburgi ka burga, ka tsaya da zarar ta yi kumfa mai kauri. Lukmanu bai tsaya ba. Ya ga abin na tafiya, ya ƙara ƙarfi, sai ga man shanu ya dunƙule a ƙwarya. Dela ta zo ta ɗauke, ta ce, "Allah ya yi wa Italiya albarka," ta zuba a miyar kuka. Washegari ya sake, ta sake samun man shanu. Ranar Juma'a da safe, yana zaune ya dafe kai, ta karɓi maburgin ba tare da ta dube shi ba, ta burga kaɗan ta tsaya.

"Ba don kai na yi ba," in ji ta. "Don Baffa. Tsohon ya riga ya gaya wa mutane har Ngaoundéré."

Mataki na 6: Ɗora hawa

Shokola a ƙasa. Ka kifa cokali a cikin gilashi, ka tsiyaya kofi ta bayansa sannu sannu, kamar mai ɗura wa jariri magani. Kumfa a sama. Kada ka yi numfashi, kada ka amsa sallama. Gilasan farko na Lukmanu sun fito kalar kogin Binuwai bayan ruwan sama. Aka zuba wa akuya, ta sha, ta hau rufin kicin ta ƙi saukowa. Na ƙarshe ne suka tsaya hawa uku cif, har shi kansa ya ja da baya yana kallo.

Mataki na 7: Ka hana juyawa, ko da wa ke riƙe da cokali

Jama'a sun cika gindin darbejiya. Aka miƙa wa Baffa Shu'aibu na farko. Ya ɗaga gilashin ya duba, ya yi bismilla, sannan ya yi abin da duk mai hankali ke yi wa fura da kunu tun da aka halicci duniya, ya sa hannu ya ɗauki cokali.

Lukmanu ya yi tsalle ya riƙe masa wuyan hannu.

Tun da Baffa ya yi furfura ba wanda ya taɓa riƙe masa hannu. Liman ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ka yi haƙuri," in ji Lukmanu. "A can ba a juyawa."

"Su ba su da cokali ne?"

"Suna da shi. Don kallo."

Baffa ya yi nazarin wannan magana, ya ajiye cokalin, ya kurɓa. Kumfa ta zauna a gashin bakinsa. Sanyi ya wuce, ɗaci ya biyo, zaƙi ya rufa baya, sai turmin Dela ya yi magana. Idanun Baffa suka kawo ruwa. Ya yi tari, ya buga ƙirji, ya juya ga jama'a.

"Ashe Italiyawan nan sun san yaji! Shi ya sa suke sayen fata mai kyau. Mutane ne."

Mataki na 8: Idan wanda ya je da gaske ya tambaye ka

Saura Madam Delphine. Kowa ya zuba mata ido. Lukmanu ya ga cinikin fatu ya tafi, ya ga Baffa yana tafiya masallaci kansa a ƙasa. Ita kuwa ta riƙe gilashin da hannu biyu, ta daɗe tana kallonsa, kumfar har ta fara kwantawa. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Sai hawaye.

"Yajin ne, Madam," in ji wani.

Ta girgiza kai. Ta tashi da gilashinta ta nufi bakin kicin kamar mai mayar da kwano, ta yafito Lukmanu. Ya bi ta, ya riga ya shirya durƙusawa.

"Misiye Lukmanu," ta ce ƙasa ƙasa, "ni fa ban taɓa ɗanɗana shi ba. Kullum ina tura tsohuwata a keken guragu ta gaban gidan shan, ina ganin su ta gilashin taga, suna sha suna dariya, ni sanyi na cin yatsuna. Kullum in ce gobe zan shiga. Ban taɓa samun zuciyar tura ƙofar nan ba, har tsohuwar ta mutu na dawo." Ta share ido da bakin mayafi. "Kai da ka shiga, faɗa min. Haka yake?"

Lukmanu ya buɗe baki. Saura kaɗan ya faɗi gaskiya. Ya dubi gilashin mai ƙamshin kan rago, ya dubi yadda ta rungume shi a ƙirji. A cikin kicin Dela ta daina wanke-wanke, ko motsi ba ta yi.

"Haka yake, Madam," ya ce. "Sak. Nasu ma bai kai wannan kumfa ba."

Ta yi ajiyar zuciya, ta shanye sauran har ƙasa, ta sa yatsa ta lashe shokolan. Sannan ta koma gindin darbejiya, ta ɗaga gilashin sama ta ce wa jama'a wannan Torino ce ta taso ta zo Djamboutou. Ta ƙara da cewa 'yarta Yvette za ta yi aure bayan damina, dangin ango za su zo daga kudu mota-mota, kuma ba za a ba kowa lemo ba. Bicerin za a sha, kowa da gilashinsa, daga hannun Misiye Lukmanu.

"Mun karɓa!" in ji Baffa.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Rigar da ta lalace taka ce. Akuyar da ta ƙi sauka daga rufi, tsakaninka da mai ita. Dattijon da ya sha ya kasa ƙailula, ya zagaye unguwa yana gyara wa mutane katanga ba a sa shi ba, ka mayar da shi gida da kanka. Idan kuma aka sa ka haɗa wa taron biki, kada ka neme ni, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. Ka je ka sami Lukmanu. Za ka tarar da shi a bayan gida zaune a kan turmi, ƙwarya tsakanin ƙafafunsa, yana burgawa, Dela na tsaye a kansa tana cewa, "Tsaya, Malam. Na ce ka tsaya!"