Jirgin Ruwan Gyara-Zama

Duk wanda ya ce bai san Gyara-Zama ba, to bai taɓa shiga banɗakin manya ba. Shi ne mai katafaren shagon tayil da kayan banɗaki na bakin babban titi, mutumin da rabin masu kuɗin gari ke wanka a kan zaɓinsa. Ma'aikatan shagon ne suka raɗa masa sunan, domin da an ji takunsa sai kowa ya gyara zama, har wanda ke tsaye. Allah ya yi masa baiwar da ba kowa ya samu ba. Zai shiga ɗakin da aka share aka goge, ya shafa yatsa a bayan ƙofa, ya fito da laifin mutum uku. Albarkar nan har gida ta kai. Matarsa ta iya tauna ba sauti, 'yarsa da ke jami'a ta iya haɗiye atishawa, talabijin ɗin falo kuwa labarai kaɗai ya sani.

Mutum irin wannan bai kamata ciwo ya yi masa rashin kunya ba, amma hawan jini ba shi da tarbiyya. Wata rana yana tsaka da yi wa wani kwastoma bayanin famfo, jiri ya kwashe shi ya zube tsakanin bahon wanka biyu. Likita ya auna shi, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau. Ya ce ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. In bai sami abin da zai sanyaya masa rai ba, ya riƙa dariya kamar sauran bayin Allah, faɗuwa ta gaba ba lalle ya tashi ba. Gyara-Zama ya tsorata, tsoro na gaske wanda bai gaya wa kowa ba. Amma da yake babban mutum ne, sai ya tambayi likita wane farin ciki ne ya fi tsada, don shi ba ya sayen ƙaramin kaya.

Likita ya ce wasu yawo suke yi, wasu kamun kifi, wasu kuma zama da iyali ya ishe su. Da jin na ƙarshen kyauta ne, Gyara-Zama ya san jabu ne. Sai ya tuna wani attajiri da ya taɓa nuna masa hotonsa a waya, yana cikin jirgin ruwa, baki har kunne. Kafin wata ya ƙare, ga jirgi fari fat mai inji an jawo shi har ƙofar gida. Aka haɗo da sandunan kamun kifi, da tanti, da madubin hangen nesa, da farar hular kyaftin mai zanen zinariya. Tsohon direbansa, wanda ruwan da ya sani bai wuce na lagireto ba, aka ƙara masa girma ya zama injiniyan jirgi.

Ranar fita ta farko, a bakin tafkin bayan gari, ya jera iyalinsa ya yi musu jawabi.

"Daga yau gidan nan ya shiga farin ciki. Na saya, na biya, ba na son ganin fuskar da ba ta nuna haka ba. Za a fara jin daɗi da zarar mun bar gaɓa. Mai son dariya ya yi ta daga tsakiyar jirgi, kada a jingina da fenti."

Aka shiga ruwa. Ya yi wa matar faɗa don ta kalli gefen da bai nuna ba, ya yi wa 'yar faɗa don murmushinta bai kai kuɗin da aka kashe ba, ya yi wa kifaye faɗa don sun ƙi zuwa a kan lokaci. Asabar ta gaba matar ta ce ruwa na sa ta jiri, 'yar ta ce jarrabawa ta matso. Bai ji haushi ba, don dama ya lura suna rage wa jirgin kwarjini.

Haka ya koma fita shi da direba, duk Asabar tun safe har yamma. Zai zauna a miƙe, hula a kai, sanda a hannu, yana jiran farin ciki kamar mai jiran motar kaya. Shiru. Wani lokaci ya ɗaga waya ya gwada irin dariyar attajirin nan, sai hoton ya fito kamar na mai ciwon haƙori. Likita kuma ya ce jinin na nan inda yake. Abin ya dami Gyara-Zama ƙwarai, domin bai taɓa biyan kuɗin kaya an hana shi ba.

Sai ya yi abin da ya fi iyawa, wato neman laifi. Ya zagaya jirgin yana shafa yatsa, har basirarsa ta kai shi ga amsa. Daɓen jirgin roba ce tsurarta. Ta yaya farin ciki, abu mai daraja, zai shigo wurin da ba tayil? Nan da nan ya kira masu ɗora tayil. Aka kwaɓa siminti, aka shimfiɗa marmara mafi kauri da ke shagon, ƙasa da bango. Da ya ga aikin ya yi kyau sai ya sa aka ƙara masai na zama ɗan ƙasar waje, da wurin wanke hannu, da dogon madubi, aka kuma ɗaure kujerarsa ta ofis a tsakiya. Babu wanda ya ce uffan, domin shekarun da ya yi yana koya wa mutane shiru ba su tafi a banza ba.

Ranar buɗe sabon jirgi ya gayyaci 'yan kasuwar layinsu, suka tsaya a gaɓa. Sai da katti suka yi gumi kafin jirgin ya yarda ya sauka daga kan tirela. Gyara-Zama ya hau kujera ya ɗaga hannu.

"'Yan uwa, wasu suna jin daɗi ne a kan jahilci. Ni na yi bincike. Abin da za ku gani yau, jikokinku za su ji labarinsa."

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Jirgin ya ɗan matsa daga gaɓa, sai ya fara sauka ƙasa a hankali, cikin natsuwa, kamar dattijo zai zauna. Da ruwa ya rufe marmara, Gyara-Zama ya umarci direba ya kawo tsumma ya goge, don ruwa na kashe ƙyallin tayil. Direba ya durƙusa yana goge tafki. Da ruwa ya kai gwiwa, ya ce a rage gudu, alhali inji ya riga ya mutu. Daga ƙarshe jirgin ya zauna daram a kan laka, babu abin da ke sama sai rabin madubi da Gyara-Zama daga ƙirji zuwa hula. Ya sanar da jama'a cewa an yi fakin. Sannan ya tako zuwa gaɓa da takalmi ƙafa ɗaya, 'yan kasuwa na ta tarin da ba na mura ba.

Shi ya sa ranar ya koma gida tun rana ba ta take tsaka ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya sayi jirgi. Daga bakin ƙofa ya ji wata irin ƙara da bai sani ba a gidan. Ya ɗauka wani ne ya ƙone. Da ya leƙa ta taga sai ya ga dariya ce. Matarsa na kwance a kan kafet, ƙafafu a kan kujera, ita da maƙwabta mata. Faranti a kan teburin gilashi ba ko shimfiɗa. Kiɗa na tashi, 'yarsa na rawa da abin goge daɓe. Matar ta tuntsire da dariya har da hawaye, a nan ne ya ga ashe tana da wushirya.

Ya tsaya jiƙe, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Kishi ya kama shi, tausayin kansa ya biyo baya. Ya ji yana son ya shiga ya zauna a ƙasa, a ba shi labarin abin da ake wa dariya. Ya yi sallama a hankali, da muryar da bai taɓa amfani da ita ba. Nan take kiɗa ya mutu, ƙafafu suka sauko, maƙwabta suka tuna sun bar tukunya a wuta, kowa ya gyara zama.

Ya ce jirgi ya nutse. Bai taɓa ganin baƙin ciki na gaskiya irin wanda ya sauka a fuskar matarsa ba. 'Yar ta tambaya ko ba za a iya ciro shi ba. Matar ta shiga ɗaki ta fito da sarƙarta ta zinariya ta ajiye a gabansa.

"Maigida, a sayar a gyara. Lafiyarka ta fi komai. Na ji ma an ce akwai wani tafki can gaba, babba, wanda har kwana ake yi."

Na ɗan lokaci Gyara-Zama ya kusa ganewa. Amma Allah ya tsare shi, ya fassara abin da cewa ƙauna ce. Aka ciro jirgi, aka fasa marmara, ya koma bakin aikinsa na jiran farin ciki, yanzu har da Lahadi.

Da lokacin ganin likita ya zagayo, matar ta raka shi. Likita ya auna, ya girgiza kai, ya ce jinin ko gezau. Ya tambayi Gyara-Zama ko dai jirgin nan bai yi amfani ba. Kafin ya buɗe baki matar ta riga shi.

"Haba likita, kada ka hana shi. Wallahi ba mu taɓa shan magani irinsa ba."