Tekun Malanbil

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a a ƙofar gidan surukina, ko da na so in manta, domin dillalan kasuwar shanu ta Dakoro sun ɗauki nauyin tuna mini har ranar da za a kai ni makwanci. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Faransanci nake koyarwa, kowa a gari Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ya ƙara wa abin yaji.

Asalin maganar wata 'yar ƙarya ce da na yi tun ina saurayi. Wani hutu na bi motar kawuna mai kai wake kurmi, wato ƙasashen bakin teku. Mun wuce Gaya, mun haye gada mun shiga Malanbil, garin farko a tsallaken iyaka, sai cikina ya ruɗe saboda wani soyayyen kifi da na ci a bakin hanya (arha ce ta ja ni, ba yunwa ba). Kwana uku ina kwance a rumfar wani mai shayi. Mota ta gaji da jirana ta wuce, aka sa ni a wata na dawo gida a rame. Da abokai suka tambaye ni ko na ga teku, sai na tuna faɗin kogin Kwara da na leƙa daga kan gada, na ji bakina ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma lokacin da nake neman auren Rabi, samarin da muke takara da su wani yana da babur, wani ubansa yana da garke, ni kuwa ban da alli ba ni da komai. Sai na fito da tekuna. Duk zuwa zance sai na ƙara masa faɗi. Na ce na shiga har ƙirji, na ce na ga jirgin da ya fi unguwarmu girma, na ce wani kifi ya biyo ni sai da na yi masa tsawa. Rabi ta riƙa sauraro tana riƙe baki. Shekara tara da aurenmu, duk bikin da ta je sai ta ba ƙawayenta labarin mijinta da ya ga ƙarshen ƙasa. Ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro, don na san in ƙaryar nan ta fashe, ba ni kaɗai zan ji kunya ba, har da ita.

To, mahaifinta, Alhaji Mamman, babban mai fataucin shanu ne. Tun ƙuruciyarsa yake loda bijimai a mota ana kai su kurmi, amma shi bai taɓa wuce Konni ba. Da ya fara jin jiki, likita ya ce ya huta, sai ya ce hutun da yake so shi ne ya je ya ga inda shanunsa ke ƙarewa. Ya ji ana cewa can akwai duwatsu masu sanyi, kore shar, a ƙasansu kuma ga teku. Yana son tafiyar manya: babbar mota katkat mai sanyi a ciki, masauki mai kyau, ba gudu ba wahala, shi da matarsa Hajiya da Rabi. Wa zai tsara, wa kuma zai yi jagora? Alhaji ba ya yi mini magana kai tsaye in ba gaisuwa ba, saboda haka ya gaya wa Hajiya, Hajiya ta gaya wa Rabi, Rabi ta same ni ina duba dikten yara, wato shiftarsu, fuskarta fal murna.

"Baban Nana, Baba ya ce kai za ka kai mu, tunda kai ka san hanya."

Nan ne ya kamata in ajiye biro in faɗi gaskiya. Maimakon haka na gyara zama na ce, "Ai wannan ƙaramin abu ne."

Sati biyu na yi ina haƙilo da waya. Na sayi sabon littafi na rubuta tsarin tafiya kwana-kwana: inda za a karya kumallo, inda za a tsaya salla, inda Hajiya za ta miƙe ƙafa. Na ɗauko babban kwali daga lakwal na zana taswira da alli mai launi, duwatsun Togo da kore, teku da shuɗi (shuɗin allin ajinmu duk a nan ya ƙare). Sai na ci karo da tallar wani masauki a kan duwatsun. An rubuta da Faransanci cewa yana can saman kot. A hoton kuwa ga baranda, ga kujeru, ga wani farin abu shimfiɗe a ƙasa iya ganin ido. Na ce shi ke nan, ga dutse ga teku wuri guda, wannan farin kumfar ruwa ce.

Bari in yi wa waɗanda ba su shiga lakwal ba bayani. A Faransanci kalmar kot tana da fuska uku: gaɓar teku kot ce, hawan tudu kot ne, haƙarƙari ma kot ne. Ni da kaina nake koya wa yara wannan duk shekara, ina buga tebur, ina cewa wanda ya haɗa su zai sha jan biro. Amma ranar, da yake teku nake nema ido rufe, ko sau ɗaya tudu bai faɗo mini a rai ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gidan Alhaji. Na ɗauka mu biyu ne, ashe ya gayyato abokansa na kasuwa su ji abin da surukinsa mai ilimi ya shirya. Sun kai goma, cikinsu har da Tanko dillali, mutumin da in ya kalli saniya sau ɗaya zai gaya maka ciwon da mai ita ke ɓoyewa. Mata kuma suna bayan zana, Hajiya da Rabi da maƙwabta, ina jin motsinsu. Na sa babbar rigata ta salla, na jingina kwali da turken rumfa, na karyo tsinken darbejiya na mai da shi sandar nuni.

Abin ya tafi daidai da farko. Na bi da su Maradi, Konni, Dosso, Gaya, ina faɗin sunayen garuruwa da irin muryar masu labarai a rediyo. Ana ta "Madalla, Mushe." Alhaji yana gyaɗa kai yana kallon abokansa, na ga alamar yana alfahari da ni, abin da ban taɓa gani ba tun da na auri 'yarsa. Daɗin nan ne ya kwashe ni. Da na iso kan masaukin, na ɗaga wayata na zagaya da hoton, na ce, "Nan za ku kwana. Daga kan gado mutum zai ji teku yana ruri. In Baba ya so, daga baranda ma sai ya jefa tsakuwa cikin ruwa."

Tanko ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. "Mushe, kai ka taɓa zuwa wurin ga?"

"Ni da na kwana biyu a ɗakin can na kusurwa?" in ji ni. (Har yau ban san wanda ya aike ni in ƙara ɗakin kusurwa ba.)

Sai muryar Hajiya ta fito daga bayan zana: "To a kira su mana, su kanga wayar ga ruwan mu ji kukanshi. Ni dai ban taɓa ji ba."

Kowa ya ce wannan shawara ta yi. Ni ma na ga ta yi, don har ga Allah na yarda akwai teku a wurin. Na buga lambar, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na zuba wa matar da ta ɗauka Faransanci mai nauyi, irin wanda nake ajiyewa sai ranar da sufeto ya zo. Ta saurara, ta tambaye ni daga ina, na ce Nijar. Sai ta ce in dakata, akwai ɗan ƙasarmu a wurin. Can sai wata murya ta cika rumfar:

"Salamu alaikum! Wa ke magana? Ni Ilyasu ne, mutumen Kornaka, ni ke gasa masu nama nan."

Rumfa ta kaure da murna. Alhaji da kansa ya matso ya tambaye shi gidan wa, aka gano ya san kawunsa, aka yi gaisuwa ta kai minti biyar. Na karɓi magana da Faransanci don in rage masu fahimta, Ilyasu ya katse ni.

"Haba ɗan'uwa, yi Hausa, na yi marmarinta."

Na ce, "Dama Hajiya ce ke so ka ɗan kanga wayar wajen teku ta ji."

"Wane teku?"

"Na ƙasan baranda."

Dariyar da ya yi sai da wayar ta yi ƙara. "Mushe, ƙasan baranda ai gonar ayaba ce da birai! Teku daga nan sai ka yi rabin wuni cikin mota."

"Amma an rubuta saman kot," na ce, muryata ta koma ta ɗan aji ɗaya.

"Kot ta tudu, Mushe! Wadda mota ka hawa tana kuka. Farin da ka gani ga hoto kau gajimare ne, da sahe yakan kwanta ƙasanmu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja kwalina na rufe. Amma Tanko bai gama da ni ba. Ya miƙo wuya wajen wayar, cikin ladabi kamar mai tambayar farashi, ya ce, "Malam Ilyasu, ai shi Mushe ya san wurin. Ya kwana biyu ɗakin kusurwa, tun yana saurayi."

"Tun yana saurayi? To sai dai in bisa iccen ayaba ya kwana. Bana shekara ukku da gina wurin ga, da hannuna na ɗauki bulo."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Na kashe wayar. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Alhaji ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, ya yi magana a hankali.

"Mushe, hwaɗa mini gaskiya. Ka taɓa ganin tekun ga da idonka?"

Na duba tsinken da ke hannuna, na duba shuɗin allin da na ɓarnatar, na ce, "Baba, a Malanbil na tsaya. Ciki ya hana ni wucewa."

Sai rumfa ta fashe. Wani dattijo har da faɗuwa gefe yana riƙe da hularsa. Tanko yana share hawaye yana cewa, "Tekun Malanbil! Wallahi ko ni na yi wanka cikinshi!" Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji a bayan zana: matan maƙwabta suna ƙyalƙyala, da takun mutum ɗaya da ya tashi ya shige cikin gida da sauri. Na san takun matata.

Kwana biyu Rabi ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci" da "ga ruwa". A na uku ta zauna ta ce, "Ni ba rashin ganin tekun ya dame ni ba, ni ma ban gan shi ba. Shekara tara kana barina ina tashi cikin mata ina ba da labarin kifin da ka yi wa tsawa. Da wane ido zan je bikin gobe?" Na ba ta haƙuri, kuma a karon farko tun da muka haɗu ban ƙara komai a kan abin da ya faru ba. Kunyar da na ji a ɗakin nan ta fi ta rumfa nesa ba kusa ba.

Na riga na sallama cewa an cire ni daga tafiya, sai ga saƙo Alhaji yana kirana. Na je na durƙusa nesa da tabarmarsa. Ya ce ya yi magana da Ilyasu, Ilyasun ya samo musu direba wanda ya san duwatsun da bakin ruwan duka, shi zai yi jagora. Na ce hakan ya yi daidai. Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga hannu.

"Da kai za a tahi. Ba don ka nuna muna hanya ba. Ba ni son a ce mijin ɗiyata maƙaryaci ne, kuma tunda ba a iya maida maganar ciki, sai mu kai ka ka gan shi, ta zama gaskiya."

Haka aka yi. Na zauna can kujerar baya tare da kayan Hajiya, ba wanda ya tambaye ni ko sunan ƙauye ɗaya. Ranar da muka sauko daga duwatsun muka isa bakin ruwa, na fito daga mota na tsaya kamar an dasa ni. Duk ƙaryar da na shekara tara ina ginawa ba ta kai rabin abin ba. Alhaji ya naɗe wando ya shiga har idon sawu, Hajiya ta bi shi tana salati, Rabi ma ta shiga. Ni kuwa igiyar farko da ta taso ta nufo ni, na kwasa da gudu har na bar takalmi ɗaya. Nan Rabi ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin Juma'ar nan, ta ƙwala mini kira:

"Baban Nana, dawo ka yi mashi tsawa mana!"

Ban dawo ba. Daga nesa na tsaya ina gadin takalman mutane, kuma na kalle shi sosai, don in an tambaye ni in faɗi iya abin da na gani. Yanzu in hira ta biyo ta kan wani gari aka ce, "Mushe, ka san can?" sai in fara waigawa in ga ko akwai mai waya a kusa, sannan in ce a'a.